TAKARDA BA TA TAKA BIRKI

'Yan uwana ɗalibai, 'yan GSU, 'yan FCE, har da ku 'yan Kashere masu shigowa gari ƙarshen mako. Yau da masu mashin nake. Na san wasu za su ji haushi, to a ji.

Akwai yayin da ya shigo mana. A samo mashin mai ƙirar da, irin wanda iyayenmu suka hau, mai zagayayyar fitila da doguwar kujera, a sake masa fenti, a huda salansa, a cire madubi wai yana ɓata kwalliya. Sai a zo bakin lakca a faka shi inda kowa zai gani. Ni ban ƙi gayu ba, wallahi wasu mashinan suna burge ni. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu daban ne.

Ranar Asabar na raka wani abokina Babbar Kasuwa, layin masu kayan mashin. Ya sayi rigar kujera, ya sayi ƙananan fitilu masu shuɗin haske, ya sayi sitika. Mai shagon, wani dattijo, ya kai hannu ya matsa birkin gaba, sai ga hannun birki ya tafi har ya taɓo roba. Ya ce, "Yaro, wannan birkin ai ya gama aiki." Abokina ya yi dariya ya ce, "Baba bar shi kawai, takarduna a cike suke, har ta lafiyar mashin ina da ita, ban fi wata uku da sabuntawa ba." Dattijon ya dube shi ya ce, "To wa ya duba maka lafiyar tasa?"

Shiru. Domin ni shaida ne, ranar da aka yi takardar mashin ɗin yana jingine a ƙofar ɗakinmu tun safe har magariba. Kuɗi ya ba wani, da yamma aka kawo masa takarda mai hatimi. Ba wanda ya ga mashin, balle ya taɓa shi.

Shi ya sa idan na ji ɗalibi yana cika baki wai mashin ɗinsa bai taɓa faɗuwa gwajin shekara ba, dariya yake ba ni. Jarabawar da ba ka zauna ba, ta yaya za ka faɗi? Mu da muke zagin masu sayen sakamako a makaranta, mu ne kuma muke sayen sakamakon birki muna alfahari.

A Ingila akwai gwajin da suke kira MOT. Duk mashin ɗin da ya cika shekara 3 dole a kai shi kowace shekara, kuma mashin ɗin ake kaiwa, ba hoton lambarsa ba. Za a duba fitila da sigina da hon, a gwada birki gaba da baya, a girgiza kan mashin a ji ko yana wasa, a duba shokazoba ko tana yoyo, a duba sarƙa da haƙoranta, a auna zanen taya. In mashin ya haura cc 50, zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1 ba. Kuma abin da ya fi kayar da mashina a can ba inji ba ne. Fitila ce ke kan gaba, sai irin su birki da taya. Ƙananan abubuwan nan dai da muke rainawa.

A nan ne hujjar masu cewa "ai tsohon ƙira ne, sai haƙuri" take rushewa. Yawancin mashinan nan jikokin Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Kamfanin ya ƙera shi ne musamman don ƙasashe irin namu, bayan ya lura mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, sai mashin ya mutu ake tuna makaniki. Aka yi masa inji mai sauƙi, mai jure wulaƙanci, daga baya kamfanonin China suka kwaikwaya suka cika mana kasuwa. Babu kwamfuta a cikinsa, babu wata na'urar da sai an kai Legas. Kebur ne da ƙwan fitila da birki da sarƙa. Duk makanikin da ke gefen kasuwa zai gama duba su kafin ka shanye shayi, kayan gyaran kuma ga su nan rataye a kowane shago. Babu mashin ɗin da ya kai shi sauƙin cin gwaji na gaskiya. Idan naka ba zai ci ba, kada ka ɗora wa ƙira laifi.

Na san abin da za a ce min a ƙasa: "Malam, ai laifin hukuma ne da ba ta dubawa." Na yarda tana da kasonta. Jihar Legas ma sai a 2022 ta ce babu takardar lafiyar mota sai an kai ta an gwada, ka ga ke nan kafin nan haka ake yi. Wasu kuma za su kawo min hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja na watan Oktoban 2024, wanda ya hana jami'an VIO tare motoci da cin tara. Na farko, a kan Abuja aka yi shari'ar. Na biyu, ko da ya shafi Gombe, kotu jami'i ta hana tare ka, ba ta hana tirela ba. Ba ta hana yaron da zai ɓullo da gudu daga lungu a Jekadafari ba.

Kuma ku tuna garin da muke ciki. Gombe a kwari take. Duk wanda ya taɓa tahowa daga Tumfure ya san yadda gangara take jan mashin. Da damina ruwa ya kwaso yashi ya zube a kan kwalta, ka shigo da tayar da ta yi sulɓi kamar tafin hannu, ga goyon mutum biyu, ga ba hular kwano duk da tun 2009 aka wajabta ta. Me kake jira?

Semestar da ta wuce wata 'yar ajinmu ta karɓi tayin wani ɗalibi zai sauke ta gida bayan lakcar yamma. Mashin mai kyau, kowa ya san shi a makaranta. Keke Napep ya tsaya a gabansu ba zato, ya matsa birki, birki ya ce bai san zance ba. Shi ya tashi da ƙujewa. Ita ƙafarta ta karye, ta yi makonni a kwance, jarabawa ta wuce ta. Yanzu da ƙannenmu take zama a wasu kwasa-kwasan, mahaifinta kuma sai da ya sayar da hatsin da ya ajiye don biyan kuɗin magani. Da muka je dubiya na ji mai mashin yana gaya wa yayanta wai ƙaddara ce, kuma takardunsa a cike suke. Na yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Yayan bai ce masa komai ba, kallonsa kawai ya yi.

Shi kuwa abokina, dattijon ya faɗa masa kuɗin gyaran birkin, bai kai rabin abin da ya kashe a kan shuɗin fitila ba. Ya ce sai wata mai zuwa. Ni dai daga kasuwa a Keke na koma, kuma na gaya masa dalili a gaban mai shagon.