NOMA DA KIWO: Doki Da Ɗanyar Ciyawar Farkon Damina

Ruwa ya riga ya sauka a Ikko da Badun, ya kuma fara taɓa Kaduna da Jos, saura Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda sukan jira har watan Mayu ko Yuni. Saboda haka a wannan mako filin namu zai juya ga masu dawaki, tun daga bargar sarauta da ta 'yan wasan folo, har zuwa talakan da yake da goɗiya ɗaya ɗaure a turke a bayan gida.

Abin da ya sa kuwa shi ne, kowace shekara a daidai wannan lokaci akan ji labarin dokin da ya ci rani lafiya lau, ya sha zafin bazara bai ko yi tari ba, amma ƙasa na yin kore sai ciki ya murɗe shi, kafin gari ya waye ya mutu. Daga nan sai a shiga zargi, wani ya ce baki ne, wani ya ce maciji ne. Alhali kuwa sau da yawa in aka bi sawu, za a tarar mai dokin ne ya ga harawa ta yi tsada, ga ciyawa ta fito kyauta, sai ya daina sayen harawar a rana ɗaya, ya sa aka yanko ɗanya aka jibge wa dabbar. A ganinsa gata ya yi mata.

Domin a gane inda haɗarin yake, tilas mu ɗan leƙa cikin dokin. Duk girman jikin nan nasa, tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Ba ya tuƙa irin ta saniya, kuma ba ya iya amai, domin ƙofar tumbinsa a matse take, abin da ya shiga ba ya komowa. Daga tumbi abinci ya bi ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 20, sa'an nan ya faɗa wata babbar jaka mai cin lita 25 zuwa 30, wadda likitoci suke kira sikam, daga nan ya wuce babban hanji. To, a cikin wannan jaka da babban hanji ne ake ainihin aikin narkar da ciyawa, kuma masu aikin waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, dubun dubatarsu, waɗanda suke ruɓar da kaushin ciyawa su mai da shi abin da jini zai ɗauka.

Waɗannan halittu iri-iri ne, kowane iri da abincin da ya saba. Dokin da ya yi wata shida yana cin harawar gyaɗa ko ta wake da ingirici, masu sarrafa busasshen abu ne suka cika hanjinsa. In aka sauya masa abinci sannu a hankali, su ma sai su sauya, waɗansu su ragu waɗansu su ƙaru, amma wannan yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. In kuwa aka yi farat ɗaya, sai sabuwar ciyawa mai laushi da zaƙi ta iso da yawa, masu son zaƙi su hayayyafa cikin 'yan sa'o'i, hanji ya yi tsami, masu sarrafa kaushi su yi ta mutuwa, iska ta taru. Abin da ido zai gani a waje shi ne zawo, ko kumburin ciki, ko murɗa. Hanjin da iska ta cika yana iya gocewa daga wurinsa ko ya karkaɗe, wannan kuwa sai aikin tiyata, wanda ba kowa ne yake da halinsa ba.

Turawa sun daɗe suna fama da wannan al'amari, kuma a wurinsu aka fi bincikensa. A Ingila da Ailan da arewacin Amurka dawaki sukan yi hunturu a ɗaki suna cin busasshiyar ciyawa, sa'an nan in sanyi ya janye a watannin Maris da Afrilu, lokacin da masu fassara suke kira bazara ko da yake ba irin tamu mai ƙuna ba ce, sai makiyaya ta yi shar, a buɗe musu ƙofa. Ciyayin ƙasashen sanyi sukan tara wani irin sukari da ake kira furuktan, musamman in rana ta haska sosai dare kuma ya yi sanyi. Tumbin doki da ƙaramin hanjinsa ba su iya narkar da shi yadda ya kamata, saboda haka yawancinsa yakan wuce babban hanji.

Mugun abin da suka fi tsoro shi ne ciwon kofato da ake kira laminaitis. Naman da ya riƙe ƙashin ƙafa da kofato ne yake kumbura ya saki, har wani lokaci ƙashin ya juya ya nufi tafin kofaton. Shi ne ciwon da ya yi ajalin Secretariat, shahararren dokin sukuwar Amurka wanda ya cinye manyan gasa uku na ƙasar a 1973. A 1989, yana da shekara 19, likitoci suka rasa yadda za su yi, aka hutar da shi. A 2006 Farfesa Chris Pollitt na Jami'ar Queensland a Ostareliya da abokin aikinsa suka nuna cewa in aka ɗura wa lafiyayyen doki irin wannan sukari da yawa, zawo zai kama shi, kuma cikin kwana biyu ciwon kofato ya biyo baya. A 2007 wani bincike a jami'ar ya nuna cewa yawan sinadarin insulin a jini shi kaɗai ma yana haddasa ciwon. Shi ya sa yau likitoci suke cewa dokin da ya fi shiga haɗari shi ne mai ƙiba, wanda kitse ya yi masa tozo a wuya. Wannan magana ta shafe mu, domin irin dokin nan ne ake yabo a wajenmu ranar hawa, a ce barga ta yi kyau.

Dabarar da suka tsaya a kai ba ta da wuya. Ba su sakin doki sai ciyawa ta kai tsawon santimita 15 zuwa 20. Ranar farko a ba shi busasshiyar ciyawa ya ƙoshi tukuna, sa'an nan a sake shi minti 15 kacal. Kowace rana a ƙara minti 15, har ya kai sa'a huɗu ko biyar, daga nan a ƙyale shi. Sun fi son kiwon sassafe, domin ciyawa takan ƙone sukarinta cikin dare ta sake tarawa da rana, sai dai in daren ya yi sanyi ƙwarai. Mai ƙiba kuwa sukan sa masa takunkumi mai 'yar ƙofa a ƙasa, ya riƙa tsinka kaɗan-kaɗan.

To, amma kada mu ɗauko wannan ka'ida mu dasa ta yadda take. Ciyayinmu na ƙasar zafi, su harƙiya da kyasuwa da gamba da kiri-kiri, ba su tara furuktan kamar na Turai, saboda haka ta wannan fuska da sauƙi. Sa'an nan yawancin dawakinmu ba sakinsu ake yi ba, a turke suke, ciyawa ce take zuwa ta same su. Mu da dami za mu auna, agogo ba zai yi mana amfani sosai ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Dokin gida mai nauyin kilo 350 yana bukatar busasshen abinci mai kaushi kilo 5 zuwa 7 kowace rana. Sabuwar ciyawa kuwa wajen kashi 80 cikin 100 ruwa ce, watau in ka ba shi kilo 10, abincin da ke ciki kilo 2 ne kawai. Mai dokin da ya janye harawa yana ganin ciki ya cika, bai san dabbar ta ƙoshi da ruwa ba ne, ga zawo kuma yana zubar da ɗan abin da ta samu. Saboda haka shawarar wannan fili ita ce, tun kafin ruwa ya sauka a ware harawar mako uku a ajiye inda yayyafi ba zai taɓa ta ba, ko da kuɗinta ya yi ciwo. Kwana uku na farko a ba da ɗanya runguma ɗaya bayan ya ci harawa. Zuwa ƙarshen makon farko ta zama kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa, mako na biyu rabi, na uku kashi uku cikin huɗu. Ni a ganina ko damina ta yi nisa bai kamata busasshen abu ya yanke a barga ɗungum ba. A riƙa duban kashinsa kullum: in ya daina fitowa curi-curi ya koma kamar na saniya, a koma ma'aunin da aka baro kwana uku baya. Gero da dawa da dusa kuma a rage su yayin da ɗanya take ƙaruwa, kuma kada hatsi ya kai kilo 2 a ci ɗaya. Kanwa daidai kima, ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke, domin doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, gwargwadon zafi da aiki.

Akwai waɗansu haɗurran da suka fi zama namu. Na farko ɗanyar ciyawar da aka cusa cikin buhu tun safe, ta yini a rana ko a bayan mota. In ka sa hannu ciki ka ji ɗumi, ta fara ruɓa ke nan, kuma za ta ƙarasa ruɓar a cikin dokin. A zazzage ta a baza a inuwa ta sha iska, wadda ta fara wari ko baƙi a zubar. Masu dawaki a Ikko da sauran birane, waɗanda ake kawo musu ciyawa daga nesa, su suka fi bukatar wannan gargaɗi, haka kuma su lura da wadda aka yanko a bakin titi ko gefen gonar da aka yi wa feshi.

Na biyu rairayi. Tsiron farko gajere ne, saiwarsa ba ta kama ƙasa ba, doki yana fizga sai ya tumɓuko shi da yashi. Yashin nan ba ya fita duka, taruwa yake yi a gindin babban hanji har ya toshe shi. A ƙasa mai jigawa irin ta Katsina da Daura da arewacin Jigawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai son ya gwada, ya ɗebi kashin da bai taɓa ƙasa ba ya dama a bokitin ruwa, ya jira ya kwanta, ya tsiyaye. In ya ga yashi a gindi, ya daina zuba abinci a ƙasa, ya nemi komi.

Na uku gyauron dawa. Makiyaya sun san yana kashe shanu, domin ƙaramar dawa tana ɗauke da guba mai hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Doki bai kai saniya saurin faɗuwa ba, amma in ya daɗe yana ci takan taɓa masa laka, ya riƙa tangaɗi da ƙafafun baya, fitsari yana zuba ba ya iya riƙewa. Tsutsar ciki ita ma da danshi take yaɗuwa. Maganin aibamektin, wanda ya shigo kasuwa a 1981, ya yi aiki ƙwarai, sai dai yawan ɗirka magani barkatai ya sa tsutsotsi da dama sun daina jin waɗansu magungunan. Gara a kai kashin dokin likita ya duba a madubi kafin a saya, a kuma riƙa kwashe kashi daga inda yake kiwo.

In kuwa abin ya riga ya faru, alamunsa ba su ɓuya. Doki zai ƙi abinci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kuiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima, gumi ya jiƙa shi. Bugun zuciyar lafiyayyen doki sau 28 zuwa 44 ne a minti ɗaya, ana jinsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. In ya haura 60 to al'amari ya yi tsanani. A kwashe abincin da ke gabansa, a ja shi a hankali yana tafiya in zai iya, a aika wa likitan dabbobi nan take. Ɗuren gargajiya da kwalba, balle ta hanci, yana iya tura ruwan cikin huhu, kananzir da waɗansu suke bayarwa kuwa guba ne. In kofato ne ya yi zafi, doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya kamar mai taka garwashi, to shi wannan ba a jansa yawo. A tsai da shi kan yashi mai laushi, a sa ƙafafun cikin ruwan sanyi ƙwarai, a janye ɗanya da hatsi gaba ɗaya har likita ya iso. Wanda yake kusa da Zariya, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Badun, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in waɗannan garuruwa.

Masu barga kuma su tuna cewa yaron doki ne yake zuba abinci, shi ne kuma zai fara ganin kashi da safe. In ba a zaunar da shi an gaya masa dalilin ma'aunin nan ba, tausayi zai sa ya ƙara runguma biyu a ɓoye in ya ji dokin yana haniniya.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba ƙuda da kaska a barga.