Ƙwayoyin Mura Biyu da Zinaren Andreea Raducan

Yau zan kai ka nesa da gida, zuwa ga labarin wata yarinya 'yar ƙasar Romaniya wadda ta kai ƙololuwar sana'arta tana da shekara 16, sannan ƙwayoyin mura guda biyu suka raba ta da abin da ta yi shekaru tana wahala a kansa. Na zaɓo labarin ne saboda maganin da ya jawo mata wannan asara ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma tambayar da ba a yi ba a ranar ita ce wadda yawancinmu ba ma yi idan an miƙo mana magani.

Sunanta Andreea Raducan, an haife ta ranar 30 ga Satumba, 1983, a garin Barlad. Sana'arta wasan alkafura ne, wanda a ɓangaren mata ake yin sa a wurare huɗu: tsalle bisa teburi bayan gudu, lilo a kan sanduna biyu da ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tafiya da juyi a kan wani katako mai faɗin santimita 10 kacal, sai kuma alkafura a shimfiɗaɗɗen fili tare da kiɗa. Wadda ta fi kowa maki idan aka haɗa wuraren huɗu ita ce gwarzuwar gasa, kuma babu lambar da ta fi wannan daraja a wasan. Andreea ta fara tun tana ƙarama, har ta kai ga cibiyar horar da tawagar ƙasa da ke garin Deva, ƙarƙashin mai horarwa Octavian Bellu. A 1999, a gasar duniya da aka yi a birnin Tianjin na ƙasar Sin, ta ci zinare a alkafurar fili, ta ci azurfa a kan katako, kuma tawagarsu ta zo ta ɗaya.

A shekarar 2000 ta je gasar Olamfik a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. Da farko tawagar Romaniya ta ci zinaren ƙungiya. Sai ranar 21 ga Satumba aka yi gasar fidda gwarzuwa, inda Andreea ta zo ta ɗaya, Simona Amanar ta biyu, Maria Olaru ta uku, dukansu 'yan Romaniya. Rabon da ƙasar ta ɗauki wannan lamba tun 1976, zamanin Nadia Comaneci. Ranar ba ta wuce lami lafiya ba, domin ana tsakiyar gasa aka gano cewa an kafa abin tsallen ƙasa da yadda ya kamata da santimita 5, bayan 'yan wasa da dama sun riga sun faɗi, ciki har da Svetlana Khorkina ta Rasha. Kuskuren manya ne, amma 'yan mata ne suka sha ƙasa. Ba a san cewa akwai wani kuskuren na manya da ke tafe ba.

Kafin gasar, Andreea ta yi fama da mura da toshewar hanci. Likitan tawagar ya ba ta ƙwayoyi biyu na maganin mura mai suna Nurofen Cold & Flu, irin wanda ake saya a kanti ba tare da takardar likita ba, ta kuwa haɗiye. Kowace ƙwaya ɗauke take da sinadarai biyu: ibuforofen mai rage zafi da ciwo, da sudo'efedirin mai buɗe hanci. Na biyun yana cikin jerin abubuwan da kwamitin Olamfik ya haramta. Da aka auna fitsarinta bayan gasa, sai aka tarar ya haura iyakar da aka yanka. Aka karɓe zinaren aka miƙa wa Amanar, Olaru ta koma ta biyu, Liu Xuan ta ƙasar Sin ta samu tagulla. Andreea ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun sasanta rikicin wasanni, amma ranar 28 ga Satumba, saura kwana biyu ta cika shekara 17, kotun ta tabbatar da hukuncin. An bar mata zinaren ƙungiya da azurfar da ta ci a tsallen teburi. Likitan kuwa an kore shi daga gasar, an kuma hana shi halartar Olamfik na 2002 da na 2004.

Me ya sa maganin mura zai shiga jerin haramtattun abubuwa? Idan mura ta kama mutum, ƙananan jijiyoyin jini na cikin hanci sukan kumbura, shi ya sa numfashi ke wuya. Aikin sudo'efedirin shi ne matse waɗannan jijiyoyi, kumburin ya saɓe, iska ta samu hanya. Sai dai ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hanyar hanci ita kaɗai ba, jini ne ke yawo da ita ko'ina. Don haka tana iya ƙara bugun zuciya, ta ɗaga hawan jini, ta kore barci, ta sa mutum ya ji kamar an zaburar da shi. Wannan zaburarwar ce hukumomin wasanni ke gudu. Ga kuma batun nauyin jiki: Andreea ba ta wuce kilo 37 ba a lokacin, alhali an auna ƙarfin ƙwayar ne da jikin baligi. Gishirin da ya yi daidai a babbar tukunya, idan aka zuba shi a ƙaramin kwano, miya ba za ta shawu ba.

Jami'an Olamfik da kansu sun yarda cewa yarinyar ba ta yi nufin maguɗi ba. Hujjar da aka kafa ita ce dokar ba ta duba niyya: da zarar an sami haramtaccen sinadari a jikin ɗan wasa, sakamakonsa na wannan gasa ya rushe. Mutane da yawa suna ganin wannan zalunci ne tsantsa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Yarinya ce da ba ta mallaki hankalin kanta a gaban doka ba, wadda aka raina a kan biyayya ga mai horarwa da likita. Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wani ya ja ruwan, wata ta jiƙe. Abin da ya ƙara wa mutane takaici shi ne a 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta cire sinadarin daga jerin, kafin ta mayar da shi a 2010 da iyakar da ta fi ta da sassauci, wato maikirogiram 150 a kowane mililita na fitsari.

Duk da haka, ra'ayina shi ne dokar tana da dalilinta. Da a ce kalmar "likita ne ya ba ni" tana wanke ɗan wasa, da kowace tawaga mai son maguɗi ta ajiye likitan da zai riƙa ɗaukar laifi, kuma da yara irin su Andreea ne za a fi ɗura wa ƙwayoyi. Inda nake ganin an gaza shi ne tun kafin ƙwayar ta kai bakinta. Wanda aikinsa ne ya karanta kwalin ya kwatanta shi da jerin haramtattu bai yi ba, kuma tsarin da ta tashi a ciki bai ba ta bakin tambaya ba. Wannan shi ne gefen labarin da ya shafe ni da kai, domin jikin ɗan Adam ma da irin wannan doka yake aiki. Hanta ba ta duba kyakkyawar niyyar wanda ya ba ka magani, ƙoda ba ta karɓar uzurin cewa ba ka sani ba. Wanda ya haɗiya shi ke biya.

Andreea ba ta karaya ba. A 2001, a gasar duniya ta birnin Gent na ƙasar Beljiyam, ta ci zinare uku, na ƙungiya da na katako da na fili, ta ƙara da tagulla biyu. Wannan ya isa amsa ga duk mai zaton ƙwaya ce ta ɗaga ta a Sidni. Ta yi ritaya a 2002. A 2015 ta gana da shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, tana neman a mayar mata da lambarta, ba a mayar ba. A 2017 aka zaɓe ta shugabar hukumar wasan alkafura ta ƙasarta. Ta tsira da mutuncinta, amma zinaren ya tafi.

Ka kwatanta wannan da abin da ya faru da Simone Biles ta Amurka, wadda ta ci zinare huɗu a Olamfik na Riyo a 2016. Bayan gasar, wasu masu kutse a kwamfuta suka fallasa bayanan lafiyarta, aka ga tana shan metilfenidet, sinadarin da shi ma haramtacce ne a lokacin gasa. Ba a taɓa lambobinta ba, domin an rubuta mata shi ne saboda lalurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali da take da ita tun ƙuruciya, kuma ta nemi izinin amfani da shi a hukumance tun kafin gasa. Ta fito ta bayyana cewa shan magani saboda lalura ba abin kunya ba ne. Maganin Biles ya fi na Andreea ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita an san sunansa, an san dalilinsa, an rubuta shi a takarda.

To mai karatu, ga abin da nake roƙon ka. Duk lokacin da aka miƙo maka magani, a asibiti ne ko a kemis, ka tambayi sunansa na asali, wato sunan sinadarin da ke ciki, domin sunan da kamfani ya laƙaba masa ba ya gaya maka komai. Yawancin magungunan mura haɗi ne na sinadarai biyu zuwa huɗu a ƙwaya ɗaya. Da yawansu suna ɗauke da farasitamol, don haka wanda ya sha maganin mura sannan ya ƙara da farasitamol daban saboda ciwon kai, ya ninka abu ɗaya bai sani ba. Iyakar baligi mai lafiya giram 4 ce a awa 24, kuma wuce ta na iya lalata hanta. Kada ka karɓi ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu aka ƙulle maka a leda babu suna, domin idan wani abu ya faru, likitan da zai cece ka zai fara ne da tambayar me ka sha.

Ka kuma faɗi halin da jikinka yake ciki tun kafin a tambaye ka. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga, mai matsalar maƙoƙo, dattijon da fitsari ke yi masa gardama saboda kumburin mafitsarar maza, mai juna biyu da mai shayarwa, duk waɗannan kada su sha sudo'efedirin sai da shawarar likita ko masanin haɗa magunguna. A jikin kwali za ka ga sunansa ya fara da haruffan "pseudo". Ba a ba wa yaron da bai kai shekara 6 ba irin waɗannan haɗe-haɗen na mura. Kuma ki lura, uwa: maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba a raba ƙwayar babba biyu a ce an yi masa daidai. Ki san kilon ɗanki kamar yadda kika san shekarunsa.

Idan kuwa kai ɗan wasa ne, ko kana da ɗa ko ƙane da ke fafutukar shiga ƙungiyar ƙwallo ko tsere, ka sani WADA tana sabunta jerinta kowace shekara, sabon yana fara aiki ranar 1 ga Janairu. Tun farkon 2024 tiramadol ya shiga jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa. Game da sudo'efedirin, shawarar hukumar ita ce a daina shan sa aƙalla awa 24 kafin gasa. Wanda lalura ta tilasta masa wani magani, akwai hanyar neman izini a rubuce, ya bi ta tun da wuri.

Na san abin da ke hana mutane tambaya. Wani kunya yake ji, wani yana tsoron kada a ce ya raina ma'aikaci, wani kuma ya ga layi ya yi tsawo a bayansa. Mu da muke tsaye a bayan tagar ba da magani, amsa wannan tambaya na cikin aikin da ake biyan mu dominsa, kuma ma'aikacin kirki yakan ji daɗinta, domin sau da yawa a nan ake kama kuskure kafin ya bar asibiti. Likitan Andreea ƙwararre ne da ƙasarsa ta amince masa har ta tura shi Olamfik, amma hakan bai hana shi kuskure ba. Yarda da ma'aikacin lafiya abu ne mai kyau, tambaya kuwa ba ta rage wannan yarda da komai. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka kai ƙwaya baki, ka tabbatar ka san abu uku: sunan abin da ke cikinta, dalilin da ya sa aka ba ka, da kuma ko ta dace da sauran magungunanka da lalurorinka. Idan ɗaya ya shige maka duhu, ka dakata ka tambaya. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.