Kunkunniyar Sakatar Bindiga Ba Ado Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu riƙe da makami a ƙasar nan, daga ɗan sandan shingen hanya har zuwa ɗan sintirin ƙauye, wai AK-47 ba ta buƙatar wanka: a binne ta a laka, a tono ta bayan shekara, za ta tashi. Wasu har alfahari suke yi da baƙin da ya lulluɓe cikin bindigarsu, suna ɗaukarsa shaidar cewa ta ga fama. Ni kuwa ina ganin wannan magana lalaci ne aka yi wa rawani, kuma waɗanda suka fi cin moriyarta manya ne da ba sa son a tambaye su inda kuɗin kula da makamai yake shiga. A wuri irin fadamar Haɗejiya, inda laima da ƙura suke karɓa-karɓa a shekara, ƙarya ce mai iya cin rai.

Abin da nake kira sakata shi ne ƙarfen nan da ke tura harsashi cikin mazauninsa, ya kulle bayansa lokacin da wuta ta tashi, sannan ya fizgo kwanson da ya ƙone ya jefar. Ta cikinsa ne allurar da ke dukan gindin harsashi take wucewa. Duk harbi ɗaya yana barin saura, domin albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus. Abin da ya rage, wato burbushin gawayi da toka da man da zafi ya dafa, yana mannewa a jikin ƙarfe kamar yadda kunkunniya take kama rufin madafa. Da fari laushi gare shi, tsumma ma yana share shi. Idan aka bar shi harbi bayan harbi, zafi yana gasa shi har ya zama ɓawo mai tauri wanda sai an kankare.

Inda yake taruwa ya danganta da ƙirar bindiga. A AK-47 hayaƙin yana bi ta wata 'yar kafa a jikin bututu ya bugi kan fistin, don haka fistin ɗin ne ya fi yin baƙi, sakatar kuwa ta sami sauƙi. A M16 ta Amurka hayaƙin ana kai shi ne kai tsaye cikin gidan sakatar, shi ya sa wutsiyarta take yin ɓawo da wuri. G3 kuma, wadda jami'an tsaronmu suka daɗe suna saɓawa, mazaunin harsashinta yana da tsage-tsage da aka yi da gangan don hayaƙi ya taimaka wa kwanso ya saki, kuma shi ne dalilin da kwansonta yake fitowa da zane-zanen baƙi, cikinta kuma ya yi dauɗa da sauri. Gaskiya ne AK-47 ta fi sauran haƙuri, saboda an bar sarari tsakanin sassanta. Amma haƙurin jaki ba ya nufin ba ya mutuwa.

Sauyin launi wani abu ne dabam, kuma nan ne jahilci ya fi yin ɓarna, domin ba kowane launi ne cuta ba. Duk maƙerin da ya taɓa gasa bakin gatari ya san ƙarfe yana sauya kala gwargwadon zafin da ya sha: ruwan ƙasa mai haske a wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, shunayya idan ya ƙaru, shuɗi a wajen digiri 300. Wata siririyar fata ce da iska take haifarwa a saman ƙarfe, kuma a kan fistin ko wutsiyar sakata sau da yawa ba ta nufin komai. Haka nan ɗan zoben rawaya da gindin kwanson tagulla yake bari a fuskar sakata, gogayya ce kawai. Abin tsoro shi ne ja-ja-ja na tsatsa, da ƙananan ramuka da suka kewaye kafar allura, alamar cewa wuta tana tsiyayowa ta gindin harsashi tana cin ƙarfen, da kuma tsaga a haƙoran da sakata take kullewa da su. Ido marar horo yana iya tsorata da shuɗin da ba shi da illa, ya kuma wuce ramin da zai sa bindiga ta tarwatse a fuskar mai ita. Bambance waɗannan sana'a ce, kuma sana'ar tana da mai ita, wato jami'in kula da makamai. Ofishin 'yan sanda nawa ne tsakanin Auyo da Birniwa mai irin wannan jami'i yake ziyarta a kan ƙa'ida, ya kwance kowace bindiga ya rubuta abin da ya gani? Tambaya ce da ya kamata 'yan majalisar yankin su yi a zauren majalisa, su kuma nemi a kawo musu littafin.

Yanzu a ɗora wannan a kan yanayin ƙasar Haɗejiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wurare da dama a Guri da Kirikasamma suka koma ruwa kwance kusan duk shekara. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar gidaje da gonaki da ofisoshi ba. Ita kuwa kunkunniya tana riƙe danshi a jikin ƙarfe. Abin ya fi muni ga tsofaffin harsasai irin na ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, waɗanda sinadarin da ke kunna su yake barin wani gishiri bayan harbi. Gishirin nan yana zuƙo ruwa daga iska, kuma mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Wanda ya shafa wa bindiga mai a kan wannan gishiri ya jingine ta a watan Agusta, rufe tsatsa ya yi ya ba ta wurin kwana. Da hunturu ya shigo kuma sai labari ya juya: man da aka lafta ya kama ƙurar da iska take kwasowa, ya haɗu da baƙin, su zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Bindiga ɗaya, kulawa iri biyu a shekara ɗaya. Wanda ya ce mata ba ta buƙatar wanka bai taɓa kwana a Baturiya da damina ba.

Abin mamaki, maharban gargajiya na wannan yanki ba su taɓa yarda da wannan tatsuniya ba. Bindigar toka tana cin baƙin albarushi ne, haɗin gawayi da farar wuta da gishirin naitiret, wanda fiye da rabin abin da yake bari bayan ƙonewa daskararren abu ne ba hayaƙi ba. Harbi kaɗan bututu ya cushe, kwana kaɗan ya yi tsatsa. Don haka maharbi ya san wanke bindiga da shanya ta da shafa mata mai wani ɓangare ne na farauta, kamar ciyar da kare. Mutumin da ya sayi makaminsa da kuɗin gumin shinkafarsa ya fi wanda gwamnati ta ba shi kyauta sanin darajarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta ilimin boko ba ce.

Masu cewa ina ƙara wa miya gishiri su dubi abin da ya sami Amurka, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ba. Lokacin da aka raba wa sojojinta M16 a yaƙin Biyetnam, an sauya irin albarushin da aka ƙera bindigar a kansa zuwa wani mai barin dauɗa da yawa, an kuma bar sojoji da zaton bindigar tana tsabtace kanta, ba a wadata su da kayan gogewa ba. A dazuzzuka masu laima sai kwanso ya riƙa maƙalewa a mazauninsa ana tsakiyar musayar wuta. An tsinci gawarwakin sojoji kusa da bindigogin da suka cije. Sai da majalisar wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, wanda ya fitar da rahoto a 1967. Maganin da aka yi ba wani siddabaru ba ne: aka lulluɓe mazaunin harsashi da sinadarin kurom, aka raba kayan gogewa, aka buga ɗan littafi mai zane-zane yana koya wa kurtu yadda zai kula da makaminsa. Su sun gane kuskurensu cikin 'yan shekaru saboda wani ya yi tambaya a bainar jama'a.

Mutanen Haɗejiya ma ba baƙi ba ne ga darasin makami. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta shiga garin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa da dama. Ana yawan taƙaita labarin da cewa takobi da mashi ne suka gamu da bindiga mai ruwa, kuma haka ne. Sai dai yawancin sojojin da suka riƙe wa Turawa bindigogin nan 'yan ƙasa ne, kuma abin da ya mayar da su runduna shi ne horon bariki, wanda duba makami a fareti yake cikin ginshiƙansa. Mun gaji kakin, mun gaji faretin, mun gaji sara wa na gaba. Duban cikin bututu ne muka ga ya yi mana nauyi.

Ga inda abin ya shafi wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Sau nawa muka ji an kashe direba ko ɗan acaɓa a shingen bincike, sanarwa ta fito cewa harbin kuskure ne, bindiga ce ta tashi? A bindigogin da allurarsu ba ta da abin da ke mayar da ita baya, dauɗa da busasshen mai suna iya riƙe allurar a waje, ta yadda da zarar sakata ta rufe sai harsashi ya tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Abu ne mai yiwuwa, ko da yake ba kasafai ba. To idan haka ya faru, akwai wanda ya ba da lalatacciyar bindiga, akwai wanda ya karɓa bai duba ba. Idan kuma ba haka ya faru ba, yatsa ne ya ja kunama, sanarwar kuma ƙarya ce. Ko ta wace fuska aka duba akwai mai laifi, kuma kwance sakatar a gaban masani zai nuna wace fuskar ce. Wannan ne ya sa nake zargin cewa rashin dubawar yana yi wa wasu daɗi.

Haka nan baƙin yana iya zama shaida. Ba zai faɗi ranar da aka yi harbi ba, balle sa'a. Amma a ofishin da ake miƙa bindiga a tsabtace da safe, a ƙirga harsasai, a sa hannu a littafin fita da shigar makamai, duk wadda ta dawo da yamma da sabon baƙi ta tona asirin kanta, ko da mai ita ya cike gurbin harsasan daga wani wuri. A ofishin da kowace bindiga baƙa ce ƙirin tun bara, babu abin da za a kwatanta. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba zuwa Disambar 2018, daga ciki 88,078 AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fahimci alƙaluman, kuma tana da 'yancin yin haka. Amma hukumar da take duba kowace bindiga da lambarta lokaci-lokaci ba za ta sha wahalar rufe bakin mai bincike ba, littafi kawai za ta ajiye a gabansa. Gogewa da ƙirgawa aiki ɗaya ne, hannu ɗaya yake yin su.

Za a ce mini ɗan sandan da ke sayen kakinsa da takalminsa da albashinsa, ina shi ina man bindiga? Na yarda, kuma shi ya sa ban ɗora laifin a kansa ba. Buroshi da sandar goge bututu da kwalbar mai ba su kai kuɗin tayar mota ɗaya daga cikin ayarin Hilux da ake jerawa a filin taro ba. Matsalarsu ita ce ba a yanka musu kirtani, ba a ɗaukar hoto da su, kwangilarsu kuma ba ta da maiƙo. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a Janairun 2024, ana kuma ta muhawarar 'yan sandan jihohi. Kowane mataki a wannan hanya yana nufin ƙarin makamai a hannun ƙarin matasa masu gajeren horo. A duk jawaban da ake yi, motoci da babura da alawus ake lissafawa. Wa zai duba makaman, sau nawa a wata, a wane ɗaki za a ajiye su, kuma wa zai sa hannu?

Jigawa ta fi maƙwabtanta na yamma zaman lafiya, amma rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma yana tashi kusan duk lokacin girbi, kuma a nan ne ake tura jami'ai da makamai cikin fadama. Dokar Makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon ba da lasisin bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato irin na maharba da 'yan sintiri, don haka hanyar duba su tana nan a doka, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Ga makaman hukuma kuma, gwamnatin jiha da ta saba saya wa rundunar tarayya motoci tana iya ɗora sharaɗi a kan kyautarta: ɗakin ajiya da ya ɗaga sama da inda ambaliya take kaiwa, kayan gogewa ga kowane ofishi a ƙananan hukumomi takwas na masarautar, da jami'in kula da makamai da zai zagaya su sau biyu a shekara, kafin saukar damina da kuma farkon hunturu, ya miƙa kwafin rahotonsa ga kwamitin tsaro na majalisar dokokin jiha a Dutse.