Katanga a kan gangare, ɓarna a cikin burtali

Ƴan uwa makiyaya, da ku ƴan kasuwar bisashe, akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa za mu faɗe ta ba kwana-kwana. Duk wanda ya koro shanu zuwa kasuwa a shekarun nan, ko Turaku ta Yamai, ko Badagishiri, ko kasuwannin jihar Maraɗi, ya ga yadda bakin gari ya sake kama. Inda dā sabara da kalgo suke, yanzu gidan mai ne, da mangaza, da tashar manyan motoci, da wurin buga bulo, kowanne ya kewaye kansa da katanga ko ragar waya. Ba mu ce mai dukiya kada ya tsare dukiyarsa ba. Mu da muke kwana ido biyu saboda ɓarayin shanu mun fi kowa sanin zafin sata. Abin da muka ƙi shi ne mutum ya kafa shinge a kan gangare, a ƙasar da ba ta zama wuri ɗaya, ya yi aikin ganin dama, idan damina ta faɗi ya bar mana ɓarnar a cikin burtali.

Me ya kai su gangare? Araha. Fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe, gidaje da gonaki sun daɗe da cinye shi. Abin da ya saura a bakin gari shi ne gefen tudu, da bakin kori, da jigawar da iska ke kwasa. Burtali kuwa tun kaka da kakanni ƙasa-ƙasa yake bi, domin mashaya yake nufa, mashaya kuma ba ta hawa tudu. Saboda haka kusan kullum mai katanga yana sama, hanyar shanu tana ƙasa, duk abin da ya gangaro daga wurinsa kanmu yake sauka.

To bari mu yi lissafi, domin masu katanga sun fi jin lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 100 ta kowane gefe lita 10,000 ne. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne cikin watan Agusta, an zuba wa filin nan lita 500,000, wato ganga 2,500 mai cin lita 200. Lokacin da wurin yake daji, ciyawa da saiwar itace suna tare ruwan, ƙasa ta sha rabonta, saura ya malala a hankali ta wurare da yawa. Yanzu an sare itacen, an daɓe ƙasa da jan tsakuwa, an rufa kwano, manyan motoci sun tattake sauran ya koma fako. Ruwa ba ya samun wurin shiga. Sai ya taru a gindin katangar da ke can ƙasa, katanga ta zama madatsa alhali ba don haka aka gina ta ba.

Daga nan ɗayan biyu ne. Ko mai wurin ya huda rami guda a kusurwa, ruwan fili duka ya fito ta nan da ƙarfi kamar bakin famfo, ya fara tonon burtali. Damina ɗaya ya yi rami zuwa gwiwa, damina uku ya zama kwazazzabon da maraƙi ba ya tsallakewa, sa mai nauyi ya taka bakinsa ya rufta ya karye. Ko kuwa bai huda ba, ruwa ya ci ƙarƙashin harsashi, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta turo daga baya, cikin dare katanga ta kwanta gaba ɗaya a kan hanya, da bulonta da rodinta. Inda ƙasar laka ce abin ya fi muni, domin laka kumbura take da damina, da rani ta tsattsage, tana ɗaga ginshiƙi tana sauke shi har siminti ya rabu. Inda yashi ne, iska ta tara shi a bayan bango da rani, ruwa ya kwashe na gaban da damina, ginshiƙi ya tsaya tsirara kamar haƙorin tsoho.

Yanzu ga inda cutar take, kuma a nan muke so ku buɗe ido. Katangar da ta faɗi ba a cika mayar da ita inda take ba. Magini zai ce wurin ya zaizaye, ba ya riƙe harsashi, sai a matsa gaba kaɗan inda ƙasa take da ƙarfi. Gaba kaɗan ɗin nan cikin burtali ne. Bana taku biyu, baɗi taku uku. Ginshiƙan siminti da aka kafa don shaidar iyakar burtali, ruwan katangar ya riga ya tumɓuke su, ko yashi ya binne su, ko an wayi gari suna cikin harabar mai mangaza. Idan ka yi magana a ce maka ƙasa ce ta motsa. To mun ji ƙasa tana motsi. Amma wace irin ƙasa ce wannan mai wayo, da kullum motsinta ƙara wa mai kuɗi fili yake yi, bai taɓa ƙara wa saniya ko taku ɗaya ba?

Ragar waya da waya mai ƙaya su ma da tasu cutar. Raga ba ta tare ruwa da farko, amma tana tare leda da kara da shara, kafin wata biyu ta toshe ta zama bango, ruwa ya kwantar da ita. Ba mai zuwa ya naɗe. Tana nan cikin yashi tana tsatsa, ta yanke kofato, ta tsaga hantsar saniya mai tatsa. Guntayen da masu aiki suka datse suka watsar kuwa sun fi haɗari, domin saniya ba ta tsince abinci kamar akuya, da harshe take naɗowa ta haɗiye. Guntun waya ya sauka cikin tumbi, a sashen da ke dab da zuciya, ya huda. Sai ka ga dabba ta daina kiwo, tana nishi, tana rama, ƙirji ya kumbura. Mahauta sun san wannan, su ne ke ciro waya da ƙusa daga cikin dabbar da aka sayar musu da hasara. Ɗan kasuwar da ya sayo sa a Abalak ya kai shi kudu ya faɗi a hannunsa, wa zai biya shi?

Za su ce ruwa ikon Allah ne. Haka ne, ba mai musu. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta rusa gidaje a Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Amma saukar ruwa daban, inda ka juya bakinsa daban. Mutanen Maraɗi sun san da wannan tun 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari aka komo kan tudu. Wanda ya zo bayan shekara 80 ya gina bango a kan hanyar ruwa ba zai ce bai sani ba.

Kuma ba a ce gangare ba ya shinguwa ba. Yana shinguwa, kuɗi ne kawai ake ƙyashi. Magini na ƙwarai ba ya jan harsashi miƙe a kan gangare, hawa-hawa yake yin sa kamar matakala, kowane hawa a kwance daidai, a haƙa har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. Ginshiƙin raga, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya kamata ya shiga ƙasa, a gangare ma ya fi haka, ba a soka shi taƙi biyu a shafa masa siminti a baki ba. A bar ƙofofin ruwa da yawa a gindin bango, kowane mita 2 ko 3, don ruwa ya rarrabu, a jera duwatsu inda yake faɗowa don a karya ƙarfinsa. A haƙa rami cikin harabar ya riƙe ruwan kwano. A sama da bango a yi jerin duwatsu a gicciye, a dasa gamba. Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Tun 1984 aikin raya karkara na Kaita ya nuna wa Adar duka yadda ake ɗaure gangare da jerin duwatsu da duwatsun da ake ɗurawa cikin ragar waya, kuma mata ne suka yi yawancin aikin da hannunsu. Manomi talaka ya san ya dasa aguwa ta riƙe masa yashi, ya kafa dashi ya zama shinge mai rai. Abin da matan Kaita suka iya da kai da gammo, mai gidan mai ba zai ce ya fi ƙarfinsa ba.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ta kafa hukumomin kula da filaye da muke kira Kofo, kuma makiyaya suna da kujera a ciki. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta sa burtali cikin dukiyar jama'a wadda ba a sayarwa, ba a mallaka don an daɗe a kai, ta kuma tanadi horo ga mai toshe shi. To mutumin da ya haƙa kwazazzabo a tsakiyar burtali da ruwan gidansa, me ya raba shi da wanda ya gicciya masa bango? Shanu dai ba su wuce ba. Idan kuwa ba su wuce ta burtali ba, ta gona za su ratsa, manomi ya fito da sanda, a kai makiyayi gaban hakimi ya biya ɓarna, mai katanga yana zaune a inuwa ba wanda ya ambaci sunansa. Waɗanda suka san abin da ya faru a Toda cikin 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara, ba sa wasa da abin da ke haɗa manomi da makiyayi.

Laifin ma'aikatar gari a nan ba ƙarami ba ne. Ana yanka fegi a kan takarda, takarda kuwa shimfiɗe take, ba ta nuna tudu ba ta nuna kwari. Ana ba da izinin gini ba wanda ya taka ya ga inda ruwa zai bi. Tun 2024 da aka rushe majalisun garuruwa, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da su, kuma sa hannunsu ne a kan takardun. Muna kira gare su kada a sake ba da izinin shinge a gefen burtali sai Kofo ta je wurin, da wakilin makiyaya a tsaye, an auna, an rubuta inda ruwa zai fita. Katangar da ta faɗi kuma kada a ɗora bulo ɗaya sai an sake aunawa.

Ku kuma rugga da garso da sarakunan zango, kada ku jira bango ya tashi. Ranar da kuka ga an sauke yashi da bulo a gefen hanya, ranar ce ta magana. Ku samo igiya ku auna faɗin burtali daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi a gaban maigari da shaidu biyu, yaro mai salula ya ɗauki hoto, a rubuta rana da wata, a kai kofi ɗaya wurin Kofo ta gari, ɗaya ya zauna hannunku. Ku sake aunawa bayan kaka. Dillalai da ƴan tireda na kasuwar shanu su sa hannu tare da ku, domin da ma'aikatar gari ta ga masu biyan tike kowace ranar kasuwa a cikin masu ƙara, ta fi saurin ɗaga kai.