Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau ina so in jawo hankalinmu kan wani abu da muka raina, wato tufafin da muke ɗauka in za mu tafi sayen shanu, da kuma waɗanda yaranmu suke kwana da su a kan hanya.

Kowa ya sani, mutum zai kwana biyu yana lissafin canjin sidi da sefa, da kuɗin mota, da ladan dillali. Amma jakar tufa sai da asubar tafiya ake cusa mata abin da hannu ya kai. Ni a ganina wannan kuskure ne babba, kuma ba mu ne muka fi shan wahalarsa ba, yaranmu ne.

Daga Paga zuwa Kumasi ya kusa kilomita 600, ta Bolga, Tamale, Kintampo da Techiman. Maigida yana gaba kusa da direba, gilashi a rufe. Yaro kuwa yana bisa ƙarfen tirela dare da rana, in saniya ta faɗi shi zai sauka cikin kashi da fitsari ya tayar da ita kafin a tattake ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu a saman mota mai gudu sai wanda ya sha ya san ta. Wani hunturu na ɗauko yaro da 'yar shimi da silifa. Kafin mu kai Kintampo haƙoransa na kaɗawa, da muka iso ya yi mako biyu kwance da ciwon haƙarƙari. Kuɗin maganin da na biya ya sayi rigar sanyu goma. Laifina ne, ban kuma sake ba.

To, me ya kamata a ɗauka? Na farko, riga da wando masu kauri, daidai jiki, kala biyu, masu duhu. Babbar riga ba ta shiga tsakanin shanu, ƙaho zai kama ta, in ya kama ta kuwa ya kama mai ita. Na biyu, rigar sanyu da hular sanyu da bargo. Batakarin saƙi yana da ɗumi, amma na zama ne in an yada zango, ba na aiki ba. Na uku, rawani ko mayafi na toshe hanci da kunne saboda ƙura. Na huɗu, takalmin danƙo mai rufe ƙafa da safa, don kofato ba ya sanin silifa. In damina ce a ƙara da rigar ruwa da gidan sauro. Kada a manta, arewa tana iya zama ƙayau a watan Maris ko Afrilu, amma ka tarar da ruwa ya sauka a ƙasar Asante. Kala ɗaya mai tsarki kuwa a ƙulle ta cikin leda, ta salla ce kawai.

Sai abin da bai kamata a ɗauka ba. Don Allah a guji rigar sojan nan ta gwanjo da samari suke so saboda ɗumi da araha. A nan Gana doka ta hana farar hula sa kayan soja tun 1967. A Burkina kuwa, inda aka yi wa garin Djibo ƙawanya tun 2022, rigar da ta yi kama da ta soja tana iya jawo wa yaro abin da ya fi kamu. Takardu ma, katin shaida da na allurar shawara da takardar likitan dabbobi, a sa su a leda cikin aljihun ciki, ba cikin jakar da aka ɗaure can bisa mota ba.

Na san wani zai ce, "Alhaji, ai in ba ka sa shadda ba dillali ba ya ganin ka da gashi." Gaskiya ne, kara tana son kwarjini. To, ka ninke shaddarka a ƙasan jaka, ka sa ta ranar ciniki da ranar Juma'a. Amma wanda ya yi ado a kan hanya, ya gaya wa ɓarawo inda lalita take.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce, a mai da shi ƙa'ida: duk wanda zai ɗora yaro bisa mota daga Aboabo, Sawaba ko Asawase, shi zai ba shi rigar sanyu, bargo da takalmi kafin a tashi, ba kuma a cikin ladansa za a cire ba. Muna duba kofaton saniya kafin mu saya, ya kamata mu duba ƙafar wanda zai raka ta. Waɗannan yara amana ce iyayensu suka ba mu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa albarka a cinikinmu, amin.

Daga wani ɗan ƙungiya, Aboabo, Kumasi.