Kada Mu Raina Kaza Mai Kwanci



Cikin zagayen da muke yi na ƙungiyoyin gama kai, da wuya a tashi taro ba a tambaye mu yaushe za a kawo 'yan tsakin agric ba. Amma idan muka shiga gida muka ce a nuna mana inda kaza take kwanci, sai a kai mu ƙarƙashin rumbu, ko bayan murhu, ko cikin wani fasasshen tulu da ƙuma ta cika. Wani lokaci ma uwargida takan ce ta kwashe ƙwan ta kai kasuwa, gama an ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan karin magana ta mai jin yunwa ce. Mai kiwo da ya bi ta, ba zai ga garke ba har abada.

Ra'ayinmu shi ne, kazar gida mai kwanci ita ce injin ƙyanƙyasa wanda ya dace da ƙaramin manomi, kuma ya kamata kowace ƙungiya ta fara da ita kafin ta ci bashi domin kajin waje. Ba ta bukatar lantarki ko kananzir. Ita ke ɗumama ƙwai, ita ke juya su, ita ke koya wa 'ya'yan tono, ita ke yi musu gargaɗi idan shirwa ta gilma. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami, mu ma haka muke yi da wannan baiwa.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Kazar agric takan yi ƙwai fiye da 250 a shekara, ta gida kuwa da ƙyar take wuce 40 ko 50. Gaskiya ne. Amma ta agric ba ta yin haka sai da abincin buhu kullum, da magani, da ɗaki mai kyau. Ranar da kuɗin abinci ya yanke, ƙwai ya yanke. Ban da haka an zaɓe ta ne har ta bar halin kwanci, saboda haka idan ta tsufa sai an sake komawa wurin mai sayarwa da kuɗi a hannu. Wanda ke kusa da gari, yana da jari da kasuwa, ya yi kiwonta, ba mu hana ba. Amma gwauruwa mai kaji biyar a ƙauye, wadda kuɗin makarantar ɗanta da na asibiti da baikonta na Lahadi duk daga akurki suke fitowa, ita kam kaza mai kwanci ce jarinta.

Laifin kuwa yawanci namu ne. Kaza takan kwanta a kan ƙwai 10 ta fito da 8, amma bayan wata biyu sai ka tarar saura 2 ko 3. A lissafa. Idan aka tsirar da 6 a kowane kwanci, sau uku a shekara, kaza ɗaya ta ba da 18, kaji biyar sun ba da 90. Babu abin da ke tsakaninmu da wannan sai kula.

Kula tana farawa daga ƙwai. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji 10, a kuma riƙa musayar zakaru tsakanin gidaje kowace shekara don kada jini ɗaya ya yi ta zagayawa. A riƙa kwashe ƙwai kullum, a bar ɗaya a gurbi, a rubuta ranar da fensir. A ajiye su wuri mai sanyi, kusa da randa, tsinin yana ƙasa. Kada a wanke su, gama ruwa yana cire abin da ke tsare ɓawon daga cuta. Wanda ya wuce kwana 7 zuwa 10, ko mai tsagewa, ko mai ƙazanta, a ci shi. Da bazara zafi yakan lalata ƙwai da sauri, sai a ƙara lura.

Sa'an nan a gwada kazar. Wadda ta yi kwanci na gaske takan kwana a gurbi, ta kumbura gashi, ta sari hannun mai taɓa ta. A shafa mata toka a ƙarƙashin fikafikai saboda ƙwarƙwata. A yi mata sabon gurbi a ƙasa, a wuri mai inuwa inda sauran kaji ba za su shiga ba, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganyen darbejiya. A mai da ita can da dare, a sa mata duwatsu masu santsi ko dafaffun ƙwai biyu. Idan ta zauna kwana biyu ba ta gudu ba, a ba ta na gaske, 8 zuwa 10, gwargwadon abin da jikinta zai rufe. Kwaɗayi kan sa mutum ya sa 15, na gefe su yi sanyi, ta juyo su ciki, na ciki su fita, a ƙarshe rabi ya zama baragurbi.

Kwanci kwana 21 ne. Na zabi 26 zuwa 28, na agwagwar gida 35, don haka kada a gauraya su a gurbi ɗaya. Kaza takan sauka sau ɗaya a yini ta ci, ta sha, ta yi birgima. A ajiye mata hatsi da ruwa kusa. Idan sai ta je bola neman abinci, za ta daɗe, ƙwai su huce. A kwana na 7 zuwa na 10, a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda haske ya wuce tas, babu kome ciki, a fid da shi. Da hunturu iska ta bushe ƙwarai, a ɗan yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da gurbin. Daga kwana na 18 a rabu da ita, a kuma hana yara ɓare wa ɗan tsako ɓawo. Bayan sun fito a ƙone tsohuwar ciyawar.

Babbar hasara tana cikin makonni shida na farko. Muna sakin uwa da asuba, ta ja 'ya'yan cikin raɓa, sanyi ya kama waɗansu, shirwa da muzuru su raba sauran. A kife su da uwar cikin babban kwando ko akurki mai shan iska, ana gusar da shi zuwa wuri mai tsabta kowace rana. Ruwa a faranti marar zurfi, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Abinci kuwa tsakin masara ko na gero, da dusa, da garin soyayyen waken soya, da ɗan ganyen zogale. Gara ma abinci ce mai gina jiki: a cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, a jiƙa, a kife ta inda gara take, washegari a zazzage musu. Bayan makonni shida a raba su da uwar, za ta koma yin ƙwai da wuri.

Idan kuwa kaza ta yi kwanci ba a so, kada a tsoma ta a ruwa ko a soka mata gashi a hanci. Mugunta ce, kuma ba amfani. A sa ta cikin kwando mai ramuka, a ɗaga shi daga ƙasa a wuri mai haske, da abinci da ruwa. Cikin kwana uku ko huɗu takan bari.

Saura abin da gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Annobar nan da ake kira Niyukasal, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, takan share ƙauye da hunturu, daidai lokacin da ake ta yawo da kaji domin Kirsimati. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana yin irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido, wato I-2, mai jimrewa da zafi fiye da sauran. Ana maimaita shi bayan kowane wata huɗu, ga kaji masu lafiya kaɗai. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma idan an buɗe ba ta ajiyuwa. Shi ya sa muke roƙon kowace ƙungiya ta tara kuɗi, ta zaɓi mutum biyu a koya musu, ɗaya daga Zumuntar Mata, tun da yake kajin a hannun mata suke. A kuma shirya a kwantar da kaji rana ɗaya a gidaje da dama, domin 'yan tsaki su fito tare, a yi musu rigakafi tare, a sayar tare. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu tukuna.

Ubangijinmu da kansa, sa'ad da yake makoki saboda Urushalima a Matiyu sura 23, da kaza da 'ya'yanta ya kwatanta ƙaunarsa. Abin da ya ga ya isa misali, bai kamata mu bar shi ga ƙuma a bayan murhu ba. A taronku mai zuwa, bari kowane gida ya faɗi kaji nawa ke gare shi, ƙwai nawa aka sa, 'yan tsaki nawa suka kai wata biyu. Magatakarda ya rubuta a littafi, za mu duba tare idan mun zo. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.