KOWA YA SAYI TASA? MARTANI GA MASU GARDAMAR ƘARAMAR BINDIGA

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata gardama da ta shigo majalisunmu, a ɗakunan kwanan jami'a da inuwar sakatariya da teburin mai shayi, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira tun kafin ta zame mana jiki. Gardamar kuwa ita ce: in da hali, wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya mallaka? Wannan ya ce Glock, wancan ya ce SIG Sauer, wani kuma ya ce shi dai a bar shi da Smith & Wesson. Sai ka ji saurayin da bai taɓa riƙe ko da harba-ruga ba yana zuba bayani a kan taushin kunama da daɗin riƙo, kai ka ce a maƙerar aka yanke masa cibiya. Dokin mai baki ya fi gudu.

Ba mu ɗauki waɗannan samari a matsayin sakarkaru ba, domin mun san abin da ya kawo maganar. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan Talata Mafara ne da Bakura da Maradun. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A farkon Satumba kuma aka ɗebe yara fiye da 70 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Wanda mahaifiyarsa ke kwana a Ruwan Gizo, shi kuwa yana Sakkwato ko Zariya yana karatu, ba za a ga laifinsa ba don ya yi mafarkin makami. Abin da muke ja da shi shi ne inda aka karkatar da tsoronsa, da kuma waɗanda ke cin ribar karkatarwar.

Bari mu fara da ita kanta bindigar, don kada a ce jahilci ne ya sa muke ƙin ta. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Gaston Glock, shi ne ya yi fice da wannan samfurin, sojojin ƙasarsa kuma suka karɓe shi a 1982. Gangar jikinta ta roba ce mai tauri, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta tsatsa. Ba ta da 'yar gudumar nan ta baya irin ta libarba. A cikinta akwai wata allura mai waya, wadda jan kunama ke ƙarasa ɗanawa ya sake ta, ta doki gindin harsashi. Glock 17 tana cin harsashi 17. Kamfanoni da dama sun bi sahu, har sojojin Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320 a 2017. Masu waɗannan bindigogi a Amurka suna da dogon musu a tsakaninsu: wadda ta fi zama a tafin hannu, wadda ta fi ɓoyuwa a ƙugu, wadda kayan gyaranta suka fi araha, da kuma ko rashin makullin hannu a jikin yawancinsu alheri ne ko haɗari. Ita P320 ma an sha kai kamfaninta kotu bisa zargin tana tashi ba a ja kunama ba, kamfanin kuwa yana musantawa.

To, wannan musu yana da ma'ana a inda aka haife shi. Mai yinsa yana da kanti a unguwarsu, da filin koyon harbi, da lauya, da 'yan sandan da in an buga musu waya za su zo. Abokin gabar da yake hasashe kuwa ɓarawo ɗaya ne ko biyu, a tazarar taku goma. Duk da haka, a dubi abin da yalwar makami ta haifar musu. Ƙiyasin 2018 ya nuna bindigogin da ke hannun fararen hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 kaɗai bindiga ta kashe mutum fiye da 48,000 a can, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu a ɗauko wannan bindiga a kawo ta Ruwan Gizo. Masu kai hari ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. A kan babura suke zuwa, goma-goma, wani lokaci ɗaruruwa, kowane babur da mutum biyu ko uku, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke samun mutum daga nisan mita 300. Ƙaramar bindiga, ko a hannun gwani, da ƙyar take yin abin kirki in an wuce mita 50. Ashe ke nan mai fistol zai faɗi tun bai ga fuskar wanda ya harbe shi ba, bindigar tasa kuma ta zama ganima, ta ƙara wa daji makami ɗaya. Wanda bai yarda ba ya tambayi kansa: in 'yan sanda da sojoji, masu horo da manyan makamai, sukan sha kwanton ɓauna a waɗannan hanyoyi, ina ga akawun da ya saya jiya?

Sai kuma doka da kuɗi. Dokar Makamai ta 1959, da gyare-gyarenta, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin rukunin farko, na haramtattun makamai, tare da bindigogin soja, ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu, irin su bindigar farauta, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Na uku shi ne bindigar toka ta maharbanmu. Saboda haka duk ɗalibin da ke zaɓe tsakanin Glock da SIG Sauer, in da gaske yake, kasuwar bayan fage zai dosa, ya miƙa kuɗinsa ga dillalan da ke sayar wa ɓarayin daji harsashi. Farashinta a kantin Amurka dala 500 ne zuwa 600, wanda ya tasam ma albashin shekara guda na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wa zai iya? Ɗan kwangila zai iya, ɗan majalisa zai iya, wato dai waɗanda tuni suke tafe da 'yan sanda a gaba da baya. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya sayi taki ba ya cikin lissafin.

Wannan ya kawo mu ga inda gizo ke saƙa. Maganar kowa ya nemi tasa ba daga ɗalibai ta faro ba, daga gidajen gwamnati ta fito. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya kira jama'arsa su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta sanar da cewa jama'a su shirya mallakar bindiga, ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19. A yi lissafi: fom 9,500 ke nan, ga jihar da mutanenta suka haura miliyan huɗu. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Aka bar talaka a tsakiya, Gusau ta ce ya saya, Abuja ta ce ba a yarda ba, daji kuwa bai fasa zuwa ba. A 2023 aka naɗa shi wannan gwamna Ƙaramin Ministan Tsaro.

Mu lura da wani abu. Daga 1999 zuwa 2023 gwamnoni huɗu suka mulki Zamfara, uku daga cikinsu 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Matawalle daga Maradun. Shekara 20 ke nan mulki yana hannun 'yan gida. Ba za a ce ba su san inda ɗakin ke yoyo ba. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 14, ya sa tsaro da jin daɗin jama'a su zama babban dalilin kafa gwamnati. Don haka ne ake yankar haraji daga albashinmu, don haka ne ake ware kuɗin tsaro da ba a bayyana yadda aka kashe su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hukumar da ta ce wa talaka ya je ya sayi bindiga ta ajiye aikinta ne ba tare da ta ajiye kujera da albashi ba.

Za a ce mana: to, sai mu naɗe hannu a yanka mu kamar kaji? Ko kusa. Addini da doka da hankali duk sun yarje wa mutum ya kare ransa da iyalinsa, kuma muna jinjina wa mutanen ƙauyukan da suka tsaya suka kori mahara da abin da suke da shi. Amma Zamfara ta riga ta gwada makamin da ba shi da linzami, ta kuma ɗanɗani sakamakonsa. Lokacin da satar shanu ta yi ƙamari daga wajen 2011, 'yan sa-kai suka tashi da niyyar kare garuruwa. Da babu mai tsawata musu, sai wasunsu suka koma kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa su kashe ba tuhuma ba shari'a. 'Yan'uwan waɗanda aka kashe, har da waɗanda ba su taɓa satar ko kaza ba, suka sayar da shanu suka sayi makami suka shige daji. Ramuwa ta haifi ramuwa. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar, wanda ya miƙa rahotonsa a 2019, ya lissafa mutum fiye da 6,000 da aka kashe tun daga 2011, da kuɗin fansa fiye da Naira biliyan 3, ya kuma nuna yatsa ga wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro. Ba ƙarancin bindiga ne ya jawo wannan ba. Ƙarancin adalci ne, da burtalolin da aka noma, da dazuzzukan kiwon da aka raba wa manya, da alƙalan da aka saya.

Ko makamin da hukuma ta sa wa hannu ma yana da nasa haɗarin in babu tsari. A Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600. Shekara guda bayan haka, a Janairun 2025, jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a wajen Tungar Kara, a yankin Maradun da Zurmi, ya kashe aƙalla mutum 16, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama, mai bindiga a daji kamarsa ɗaya. In haka ta faru ga waɗanda suka fito a taro don kare gari, a ƙiyasta abin da zai faru ranar da kowane gida ke da tasa.

Mutanen wannan yanki kuma suna da wani tarihi da bai kamata mu 'yan boko mu manta da shi ba. Da aka gina madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarun 1970, aka ƙwace gonakin dubban manoma, diyya ta maƙale. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta ce matattun ba su kai 30 ba, masu bincike masu zaman kansu suka lissafa fiye da 380. A ranar, hukuma ba ta rasa mota ba, ba ta rasa harsashi ba, ba ta kuma ɓata hanyar ƙauye ba. Yaya aka yi ƙarfin da ya isa ya murƙushe manomi don ya nemi diyya ya gaza kare jikokinsa daga masu karɓar harajin noma da bakin bindiga? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta hana mu barci, ita ce kuma gardamar Glock ke shafewa daga bakinmu.

Saboda haka ga matsayinmu. A fito da rahoton kwamitin 2019 gaba ɗayansa, a gurfanar da duk wanda ya ambata, komai girman rawaninsa ko yawan igiyar kafaɗarsa. A riƙa bayyana wa majalisar jiha da jama'a yadda ake kashe kuɗin tsaro, kobo bisa kobo. A janye 'yan sandan da ke riƙe wa manya jaka a kai su Ruwan Gizo da Jangebe da Kaya. Askarawa da duk wata rundunar gari su zama masu rajista da horo da albashi a kan kari, makamansu a ƙidaye a ma'aji, a shigar da Bahaushe da Bafulatani, wanda kuma ya kashe mutum ba bisa doka ba ya fuskanci alƙali. A toshe hanyoyin da makamai ke shigowa daga iyakar Nijar da sauran Sahel, a bi dillalansu har cikin birni. A dawo da burtali da mashaya, a kai makaranta da asibiti ruga da ƙauye.

Mu kuma, 'yan'uwa, muna da namu aikin. A cikinmu akwai masu karatun lauya, akwai akawun baitulmali, akwai malaman gona da na makaranta. Mu ne ke rubuta takardun da ake fitar da kuɗin tsaro da su, mu ne gobe za mu zauna a kujerun da muke zagi yau. Daren da muke ɓatawa a kan wace kunama ta fi taushi, mu kashe shi wajen tattara sunayen ƙauyukan da aka tasa da adadin fansar da aka biya, mu kai wa wakilanmu, mu tsare su da tambaya har sai sun ba da amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, fistol ɗaya kuma ba ta tsare gari. Duk wanda ya sake ce mana kowa ya sayi tasa, mu tambaye shi: ina wadda muka riga muka saya da harajinmu, kuma wa take gadi?